Yadda ake raba ƙarfin intanet a kan ƙaramar rauta, kada mutum ɗaya ya shanye layin

Ko shago ne a Zango mai sayar da tikitin wifi, ko ofishin wata ƙungiya a Sabon Gari, ko gidan haya da ɗalibai suka yi karo-karo suka ja layi ɗaya, kukan iri ɗaya ne. Da hantsi intanet na gudu, ana idar da sallar isha'i sai kiran WhatsApp ya fara yankewa, shafi ya ƙi buɗewa, a ce rezo ya ɗauke. Sau da yawa rezo na nan lafiya lau. Salula ɗaya ko biyu ne suka cika layin, sauran jama'a suna tsaye a bayansu.

Mutumin Damagaram ba sai an yi masa dogon bayani a kan layin famfo ba. Ɗan ga-ruwa ya iso da jarka goma sha biyu, yaro ya zo bayansa da ɗan kwano. In doka ita ce wanda ya riga zuwa shi zai fara, yaron nan zai jira jarka goma sha biyu kafin ya sami ruwan da bai kai daƙiƙa uku ba. Haka modem ɗinka, akwatin da ke kawo intanet daga kamfani, yake yi. Saƙonni suna tafiya ne a ƙunshi-ƙunshi, kuma in sun fi ƙarfin layin, modem yana tara su a ma'ajiyarsa yana sakinsu bi da bi. Ɗauki layin da ke ɗora megabit 4 a daƙiƙa, ma'ajiyar modem ɗin kuma na ɗaukar kilobait 500. Bait ɗaya bit 8 ne, don haka kilobait 500 sau 8 ya ba da kilobit 4000, wato idan ma'ajiyar ta cika, duk ƙunshin da ya shigo sai ya jira daƙiƙa guda cur. Wani ya tura bidiyon biki na megabait 30, layin ɗorawa zai cika na minti ɗaya, kuma cikin wannan mintin ba wanda zai yi kiran kirki. Har saukewa ma tana raguwa, domin duk abin da kake saukewa sai na'urarka ta riƙa aika ƴan ƙananan saƙonnin "ya iso" zuwa sama, su ma kuma suna maƙale a layin.

Maganin shi ne ka kwaso layin jiran daga cikin modem, inda ba ka da iko, ka maido shi cikin rautarka, wato na'urar da ke raba intanet ɗin ga jama'a. Ana yin haka ne ta hanyar sa wa rauta iyakar da ta ɗan gaza ƙarfin layin na gaskiya. Da zarar rautar ce ta zama maƙogwaron, ma'ajiyar modem ba za ta ƙara cika ba, kai ne kuma za ka ce yaro mai kwano ya wuce gaba. Duk sauran saitin da ke ƙasa a kan wannan yake tsaye. Wanda ya kuskure wannan lamba, ko ya rubuta dokoki hamsin aikin banza ya yi.

Bayanin zai bi rauta ƙirar MikroTik mai tsarin RouterOS 7. OpenWrt da sauran tsare-tsaren rauta suna can ƙasa.

Kafin ka taɓa komai

Duba haɗin wayoyi. Dole kowace na'ura ta bi ta cikin rautarka kafin ta kai modem. Idan modem ɗin kamfani ko akwatin Starlink yana da nasa wifi kuma wasu sun san kalmar sirrinsa, kashe shi ko ka canza kalmar, don wanda ya shiga ta can ya zagaye duk iyakarka, kuma shi kaɗai ya isa ya cika ma'ajiyar da kake ƙoƙarin karewa. Wayar modem ta shiga ether1, wato ƙofa ta farko a jikin rautar, sauran ƙofofi da wifi na mutanen gida ne.

Sai ka ajiye kwafin saitin da ke akwai. Buɗe Winbox, manhajar saita MikroTik daga kwamfuta, shiga ta 192.168.88.1 in ba a canza adireshin asali ba, buɗe New Terminal ka rubuta:

/system backup save name=kafin-gyara
/export file=kafin-gyara

Ja fayil ɗin biyu daga Files ka ajiye a kwamfutarka. Danna Safe Mode ma kafin ka fara: idan wani saiti ya yanke ka daga rautar, za ta mayar da abin da ka canza da kanta. In ka gama ka tabbatar komai na tafiya, sake danna shi don saitin ya zauna. Mutane da yawa suna mantawa da wannan dannawa ta biyu, su rufe Winbox, aikin awa guda ya goge.

Auna layin, kuma ka auna shi a mugun lokaci

Lambar da ke cikin takardar kwangila ba ita za ka yi aiki da ita ba. Haɗa kwamfuta ɗaya da waya, kashe wifi na rautar na ɗan lokaci don kada kowa ya ja komai, sannan ka gwada da speedtest.net ko fast.com. Yi sau uku-uku da safe, da azahar, da kuma tsakanin ƙarfe 8 da 10 na dare. Rubuta saukewa da ɗorawa duka.

A ce ka sami megabit 21 na saukewa da 5 na ɗorawa da safe, 19 da 5 da rana, 16 da 4 da dare. Lambar dare ce taka. Ɗauki kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari nata: saukewa 14M (megabit 14), ɗorawa 3500k (kilobit 3500). Za ka ji kamar ka yi asarar mega bakwai da safe, kuma gaskiya ne, ka yi. Amma in ka sa 19, da dare layin na ba da 16, rautarka ba za ta taɓa kai iyakarta ba, za ta ɗauka da sauran wuri, jiran kuma ya koma cikin modem a daidai lokacin da aka fi buƙatar tsarin. Akwai hanyar maido da ribar safiya ta agogo, za mu zo kanta.

Kula da harafi: ana sayar da layi da megabit, amma manhajar saukewa tana nuna megabait. Bait ɗaya bit 8 ne. Layin 14M zai nuna kusan 1.7 a wurin saukewa, kuma daidai ne, ba wanda ya cuce ka.

Tun kana nan, ka ɗauki awon da za ka kwatanta da shi daga baya. Buɗe tagar umarni a Windows ka rubuta ping 1.1.1.1 -t, ka ga lambar da take fitowa, wato lokacin tafiya da dawowar saƙo, sa'ad da layi ba kowa. Sannan ka kunna gwajin gudu kana kallon lambar, musamman sa'ad da ya kai ga ɗorawa. Idan daga milisakan 80 ta haura 600 ko 1000, ga ciwon nan ƙiri-ƙiri.

Kashe FastTrack

Wannan shi ne ramin da kusan kowa ke faɗawa. Saitin asali na MikroTik yana zuwa da wata doka a katangar tsaro mai suna FastTrack, aikinta ta ratsa da saƙonni ta gajeriyar hanya don sauƙaƙa wa ƙwaƙwalwar rautar. Gajeriyar hanyar nan ba ta bi ta wurin rabon layi. Za ka rubuta iyaka, ka ga tana nan a jere, amma mutane na ci gaba da jan abin da suka ga dama.

/ip firewall filter disable [find action=fasttrack-connection]

Fita daga Safe Mode, sake kunna rautar, domin haɗin da ya riga ya shiga gajeriyar hanya zai ci gaba da bin ta har sai ya mutu. Daga nan nauyi zai ƙaru a kan ƙwaƙwalwar. hEX mai lamba RB750Gr3 da hAP ac2 ba za su ji komai ba a layin mega 20 ko 50. Ƙaramar hAP lite mai RAM na megabait 32 kuwa, ka sa mata ido sosai.

Iyaka guda ɗaya, rabon adalci

A nan ne ya kamata yawancin mutane su fara, da yawa ma a nan ya kamata su tsaya. RouterOS 7 yana da tsarin jiran layi mai suna CAKE, wanda ya samo asali daga CoDel, dabarar da Kathleen Nichols da Van Jacobson suka fitar a 2012. Yana yin abu uku ba tare da ka gaya masa ba: yana raba layi daidai tsakanin na'urorin da ke aiki a wannan lokacin, yana ba ƙananan saƙonni irin na murya damar wucewa gaban manya, kuma ba ya barin jira ya yi tsawo.

/queue type add name=cake-hawa kind=cake cake-flowmode=dual-srchost cake-nat=yes
/queue type add name=cake-sauka kind=cake cake-flowmode=dual-dsthost cake-nat=yes
/queue simple add name=layi target=192.168.88.0/24 dst=ether1 max-limit=3500k/14M queue=cake-hawa/cake-sauka

Abubuwa uku ne ke jawo kuskure a wannan layi na ƙarshe. Na farko, tsarin lambobin: ɗorawa ce farko, saukewa ta biyu, a max-limit da kuma a queue. Wanda ya juya su zai ba mutane saukewar mega uku da rabi, ya bar ɗorawa a sake. Na biyu, dst=ether1 yana nufin dokar ta shafi abin da zai fita waje kawai. In layinka na PPPoE ne, wato wanda rauta ke shiga da suna da kalmar sirrin da kamfani ya ba ka, rubuta pppoe-out1 a madadinsa, in modem na LTE ne a jikin rautar, lte1. Idan ka bar wurin babu komai, har shigarka Winbox za ta faɗa ƙarƙashin iyakar. Na uku, kada ka cika gurbin cake-bandwidth, bar max-limit ya yi wannan aikin.

Me ya sa dual-srchost da dual-dsthost? Don rabon ya zama na na'ura-na'ura. In ba haka ba, mai manhajar saukewa da ke buɗe haɗi goma sha shida a lokaci guda zai kwashi kaso goma sha shida, mai kallon bidiyo ɗaya ya sami kaso ɗaya. Da wannan saiti, in mutum bakwai ne ke ja, kowa na da kusan mega 2. In shida suka ajiye salula, na bakwai ya sami 14 ɗin duka. Wannan ya fi ƙulle kowa a mega 1 dare da rana, layi na zaune babu mai amfani da shi.

CAKE yana ɗauka tafiya da dawowar saƙo milisakan 100 ne. Daga Damagaram, yawancin manyan kwamfutocin intanet da ake nema suna nesa. Idan awon ping ɗinka na lokacin da layi ba kowa yana wuce 200, ƙara cake-rtt-scheme=oceanic a duka biyun. Zaɓin satellite na tauraron ɗan adam mai nisa ne, irin na VSAT da jinkirinsa ke kai milisakan 600. Starlink ba ya cikin wannan aji, taurarinsa na ƙasa-ƙasa ne.

In rautarka tana kan RouterOS 6 har yanzu, babu CAKE, sai PCQ:

/queue type add name=pcq-hawa kind=pcq pcq-rate=0 pcq-classifier=src-address
/queue type add name=pcq-sauka kind=pcq pcq-rate=0 pcq-classifier=dst-address

Sai ka sa pcq-hawa/pcq-sauka a gurbin queue. Sifili a pcq-rate na nufin a raba daidai ba tare da rufi ba. In ka rubuta 2M, ba wanda zai wuce mega 2 ko da shi kaɗai ne. Ga wani abu da ake mantawa: saitin asali ya ba kowane mutum ma'ajiyar 50, jimilla kuma 2000, wato na mutum 40. Mai abokan ciniki 80 ya ɗaga pcq-total-limit zuwa 4000, in ba haka ba za a riƙa zubar da saƙonni tun layi bai cika ba.

Yanzu maimaita gwajin ping tare da gwajin gudu. Idan lambar ta tashi da milisakan 20 ko 30 kawai, ka dace. Idan har yanzu tana tsalle da ɗaruruwa, iyakarka ta yi sama: rage kashi 10 cikin ɗari a ɓangaren da ke tsallen, ka sake. Idan ta zauna daram, kana iya ɗagawa kaɗan-kaɗan, 500k a saukewa, 200k a ɗorawa, har ka ga inda ta fara motsi, sai ka koma baya taki ɗaya. Da dare ake wannan aiki.

Idan akwai na'urar da dole ta sami hanya

Rabon daidai ba ya isar wanda ke da kwamfutar tura kuɗi a kanta, ko ofishin da ke taron bidiyo da Yamai. Irin wannan na'ura sai a ware mata kaso. Da farko ka ɗaure mata adireshi: IP, DHCP Server, Leases, danna sunanta, Make Static, sannan ka canza adireshin zuwa 192.168.88.5, wanda yake wajen jerin da ake rabawa, tun da jerin asali daga 10 yake farawa. Cire wayarta ka mayar don ta karɓi sabon.

In salula ce, akwai tarko. Tun daga Android 10 da iOS 14, salula tana ƙirƙirar lambar MAC (lambar da rauta ke gane na'ura da ita) ta bogi ga kowane wifi, kuma tana iya canzawa, sai ka ga ɗaurin ya kwance. Shiga saitin wannan wifi a salular ka zaɓi ta yi amfani da lambarta ta asali, kafin ka ɗaure.

Sai ka mai da dokar "layi" uwa, ka yi mata ƴaƴa biyu:

/queue simple add name=kanta parent=layi target=192.168.88.5/32 dst=ether1 limit-at=1M/3M max-limit=3500k/14M priority=1/1 queue=cake-hawa/cake-sauka
/queue simple add name=jamaa parent=layi target=192.168.88.0/24 dst=ether1 limit-at=2M/9M max-limit=3500k/14M priority=8/8 queue=cake-hawa/cake-sauka

limit-at shi ne alkawari: komai cunkoso, kanta na da mega 1 sama da 3 ƙasa. max-limit rufi ne. priority kuwa, daga 1 mafi girma zuwa 8, yana aiki ne kawai a kan rarar da ta saura bayan an cika wa kowa alkawarinsa. Don haka jimillar alkawuran ƴaƴa kada ta wuce rufin uwa: 1 da 2 sun ba da 3, ƙasa da 3.5, 3 da 9 sun ba da 12, ƙasa da 14. Wanda ya yi alkawarin da ya fi abin da ke hannunsa, rautar za ta yi ƙoƙarin cikawa, ta zarce rufin uwa, jira ya sake komawa modem.

Jeri ma yana da muhimmanci. Ana duba dokokin daga sama zuwa ƙasa, wadda ta fara dacewa ita ke kama saƙon. Idan "jamaa" ta hau saman "kanta", za ta haɗiye adireshin .5 tun da yana cikin zangonta. Danna kan ginshiƙin # don jerin ya fito yadda yake a zahiri, sannan ka ja da linzami ka gyara.

Za ka ga ana yawo da dogayen dokoki da aka ce suna gane WhatsApp ko TikTok ko YouTube ta hanyar Layer7 ko jerin adireshi. Ka bar su. Kusan duk zirga-zirgar yau a ɓoye take, adireshin manyan kamfanonin nan na canzawa kullum, dokokin kuma suna cin ƙwaƙwalwar rauta ba kaɗan ba. Kiran murya ɗan siriri ne, bai kai ko kusa da mega ɗaya ba, kuma CAKE na wuce da irinsa gaba ba sai ya san sunan manhajar ba.

Masu sayar da tikiti

In kana aiki da Hotspot na MikroTik, iyakar kowane mai tikiti tana cikin IP, Hotspot, User Profiles, a gurbin Rate Limit. 512k/2M na nufin ɗorawa 512k, saukewa mega 2. Wajen zaɓen lamba, YouTube da kansa yana neman kusan mega 1.1 don hoto na 480p, 2.5 don 720p, 5 don 1080p. A kan allon salula 480p ya wadatar, don haka mega 1.5 zuwa 2 ya isa tikitin talakawa.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a sa wa kowa iyaka a manta da jimilla. Mutum 30 sau mega 2 mega 60 ke nan, a kan layin 14. Kowa yana ƙasa da iyakarsa, rautar ba ta ga laifin kowa ba, layin kuma ya toshe. A cikin wannan shafi na User Profile akwai gurbin Parent Queue: zaɓi "layi". Ka tabbata kuma target na dokar uwa ya ƙunshi zangon adireshin Hotspot ɗinka, don sau da yawa daban yake da 192.168.88.0. Shared Users ka bar shi a 1.

Akwai kuma abin da ake kira burst, wato a bar mutum ya zarce iyakarsa na ɗan lokaci don shafi ya buɗe da sauri. Mutane na ruɗewa da lissafinsa. A ce iyaka 2M, burst-limit 4M, burst-threshold 1500k, burst-time daƙiƙa 16. Ba daƙiƙa 16 zai yi yana jan mega 4 ba. Rautar tana ɗaukar matsakaicin abin da ya ja cikin daƙiƙa 16 da suka wuce, kuma da matsakaicin ya kai 1500k sai ta yanke garaɓasar. Lissafin: 16 sau 1.5, a raba da 4, ya ba da daƙiƙa 6. Dole burst-threshold ya zauna ƙasa da iyakar yau da kullum, in ba haka ba mai saukewa ba tsayawa zai riƙa samun garaɓasa a kai a kai.

Iyakar gudu daban, iyakar yawan data daban. Mai jan mega 1 ba tsayawa yana cin megabait 450 a awa, mai mega 2 kuma 900. In layinka na ƙidayar giga ne, sai ka haɗa da Limit Bytes Total a kan kowane tikiti.

Iyakar rana da ta dare

Don maido da ribar safiya, ana iya yin dokoki biyu, kowace da lokacinta a gurbin Time: ɗaya mai 4500k/17M daga ƙarfe 0 zuwa 18, ɗaya mai 3500k/14M daga 18 zuwa tsakar dare. Wannan ya fi sauƙi ga mai doka guda ba ƴaƴa. Sharaɗinsa agogo. Ƙananan rautocin nan ba su da batirin riƙe lokaci, duk sanda aka ɗauke wuta sai sun tambayi intanet ƙarfe nawa. A System, Clock, sa yankin Africa/Niamey. A System, NTP Client, kunna shi ka rubuta pool.ntp.org. In agogo ya ɓace, dokar rana na iya yin aiki da dare.

Layin 4G da na Starlink su ne masu wahala, don ƙarfinsu na hawa da sauka cikin mintoci. Lamba guda ba za ta taɓa dacewa da su ɗari bisa ɗari ba. Abin da ya fi amfani shi ne ka matse ɗorawa sosai, don ita ce mafi ƙanƙanta kuma ita ke fara toshewa, saukewa kuma ka ɗauki lambar da layin ba ya cika faɗuwa ƙasa da ita. Masu OpenWrt suna da wata manhaja mai suna cake-autorate da ke auna jinkiri tana ɗaga iyaka tana saukewa da kanta.

In ba MikroTik ba ce

A OpenWrt aikin ya fi gajarta. System, Software, sabunta jerin, girka luci-app-sqm. Sai Network, SQM QoS: zaɓi ƙofar da ke fuskantar modem, ko pppoe-wan in PPPoE ne, rubuta 14000 da 3500 don shi da kilobit yake ƙirga, zaɓi cake da piece_of_cake.qos. A shafin Link Layer zaɓi Ethernet ka sa 44. Don rabon na'ura-na'ura, buɗe zaɓuɓɓukan ƙasa-ƙasa ka rubuta nat dual-dsthost ingress a na saukewa, nat dual-srchost a na ɗorawa. Shi ma yana da nasa gajeriyar hanya, flow offloading a Network, Firewall, kashe ta.

A OPNsense wurin shi ne Firewall, Shaper: bututu biyu a Pipes da tsarin FlowQueue-CoDel, sai Queues, sai Rules da ke tura saƙo cikinsu. A pfSense kuma Limiters ne ƙarƙashin Traffic Shaper, tare da doka a Floating.

Ƙananan TP-Link irin TL-WR840N suna da Bandwidth Control. Egress ɗorawa, Ingress saukewa, da kilobit. Idan ka sa zangon adireshi a doka ɗaya, duk waɗanda ke ciki raba lambar za su yi tsakaninsu. Mai son kowa da nasa sai ya rubuta doka ga kowane adireshi. Ya isa gida mai mutum biyar, bai isa sana'a ba.

In an gama saiti kuma kuka bai ƙare ba

Fara da kallon launin dokokin a Queues. Kore na nufin ana cin ƙasa da rabin iyaka, rawaya daga kashi 51 zuwa 75, ja daga 76 zuwa sama. Ja da dare ba laifi ba ne, alama ce dokar na aiki. Abin tsoro shi ne mutane na kuka, doka na kore, ƙidayar baitinta ba ta motsi. Wannan ko FastTrack ne bai mutu ba, ko target bai dace da adireshin mutane ba, ko dst na nuna ƙofar da ba ita ba ce.

Sai IPv6, wato sabon tsarin adireshin intanet. Dokar da aka rubuta da 192.168.88.0/24 ba ta ganin saƙon IPv6, kuma wasu layuka, har da Starlink, suna bayar da shi. In ba ka buƙatarsa, kashe shi a IPv6, Settings. In kana so, sa sunan bridge, wato haɗakar ƙofofin gida da wifi, a target maimakon adireshi.

Idan wani ya jona tasa rautar a bayan taka, ko ya buɗe wifi daga salularsa yana raba wa abokai, duk mutanensa adireshi ɗaya za su fito da shi, kaso ɗaya kuma za su raba. Ga mai tikiti wannan ba asara ba ce ta ɓangaren gudu. Amma in kai ne ka ƙara rauta ta biyu don wifi ya kai bayan gida, kashe DHCP ɗinta ka sa wayar a ƙofar LAN, don kowace salula ta fito da nata adireshin. Tools, Torch, a kan bridge, zai nuna maka wane adireshi ke jan nawa a daidai wannan lokacin.

Duba ƙwaƙwalwa a System, Resources lokacin cunkoso. In tana zama sama da kashi 80, rautar ce ta gaza, kuma Tools, Profile zai nuna abin da ke cinta. Zafi na ƙara wannan matsala. A watan Afrilu da Mayu zafin Damagaram na wuce digiri 40 a inuwa, ƙarƙashin rufin kwano kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Rautar da aka kulle a akwatin ƙarfe ko aka ɗora a kan modem mai zafi za ta riƙa sake kunna kanta da azahar. Rataye ta a bango inda iska ke ratsawa, ka riƙa busa mata ƙura lokacin hunturu, ka kuma ba ta wuta daga batir ko sola tare da modem ɗin, don ɗaukewar wuta na minti ɗaya na jawo minti uku ko huɗu kafin layi ya dawo.

Na ƙarshe shi ne wifi ɗin kansa. Idan ping ta waya ya yi kyau amma ta wifi yana tsalle, cunkoson a iska yake, kuma ba dokar Queues da za ta taɓa shi. Gwada ping zuwa 192.168.88.1 daga salular da ke kuka: in ya wuce milisakan 20 ko 30 zuwa rautar da ke ɗaki ɗaya da kai, a nan matsalar take. A zangon 2.4 GHz tashoshi 1, 6 da 11 ne kawai ba sa hawa kan juna, sa faɗin tasha a 20 MHz, ka duba wadda maƙwabta ba su cika ba. Salula ɗaya mai raunin sigina daga can bakin titi tana cin lokacin iska fiye da guda biyar na kusa, don a hankali take magana kuma kowa sai ya jira ta gama. A Access List na wifi ana iya hana duk wadda siginarta ta gaza -80 shiga. Masu salular da ke ɗaukar 5 GHz ka tura su can, in kuma na'urori sun haura 25 zuwa 30 a kan akwatin wifi ɗaya na gida, ƙara na biyu da waya, a wata tashar.